LINZAMIN WUTAR LANTARKI: ABIN DA YA HAƊA AGYARAGU DA JEBBA

Duk matafiyin da ya bar Lafiya ya nufi Makurɗi, ba zai yi nisa ba zai iske Agyaragu, garin da sunansa ya kai Kano da Ikko saboda kasuwar doyarsa. Gari ne na Migili, waɗanda Hausawa suka fi sani da Koro, ga kuma Eggon da Alago da Tibi da Hausawa da sauran jama'ar da noma da fatauci suka tara wuri guda. Tun zamanin da jirgin ƙasa ke tsayawa a tasharsa garin ya saba da baƙi. A yau kuwa, ban da 'yan doya, akwai masu injin niƙa, da masu walda, da teloli, da masu sayar da ruwan sanyi, da masu cajin waya, kuma kowane ɗayansu abincinsa na rataye ne a jikin wayar lantarki.

In aka tambayi waɗannan bayin Allah abin da suka sani game da lantarki, za su ambaci falwaya, da taransifomar unguwa, da mita, da takardar kuɗin wuta. To, a wannan mako filin namu zai yi magana ne a kan wata na'ura da yawancinsu ba su taɓa gani ba, ba kuma za su taɓa ganin sunanta a takardar kuɗin wuta ba, amma in ta lalace za su kwana cikin duhu ko da tana can nesa da su da ɗaruruwan kilomita. Injiniyoyi suna kiranta riyakta. Kada mai karatu ya ɗauka irin riyaktar nukiliya ce da ke Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan tamu ba ta haifar da wuta ko ta kunna ƙwai guda. Aikinta shi ne ta riƙe wa wuta linzami.

YADDA WUTA TA ISO LAFIYA

Kafin a gane amfanin linzami sai an san dokin. An kafa Jihar Nasarawa ran 1 ga Oktoba, 1996, aka mai da Lafiya babban birninta, amma aka shafe shekara 25 birnin na samun wuta ta wani siririn layi mai matsin bolt 33,000 da aka jawo daga Akwanga, tafiyar wajen kilomita 60. Layi irin wannan an yi shi ne domin ƙaramin gari. Da aka ɗora masa birni da ƙauyukansa, sai wutar ta riƙa isowa a gajiye, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka ta riƙa juyawa kamar mai jin barci, mai injin niƙa kuwa ya koma ga man dizal.

Ana cikin haka sai aka kafa manyan turakun ƙarfe a cikin jihar. A ƙarƙashin shirin nan na Gwamnatin Tarayya da a ke kira NIPP, an ja tagwayen layi mai matsin bolt 330,000 daga Ikot Ekpene ta Ugwuaji kusa da Inugu, ya biyo ta Apir a Makurɗi, ya ratsa Jihar Nasarawa ya hau tsaunin Jos. Mutanen jihar suka riƙa ganin wuta na wucewa ta kan gonakinsu ba su da rabo a ciki, kamar mai ƙishirwa a bakin rijiya ba guga. An fara aikin tashar sauke wannan wuta a Akurba, gefen Lafiya, tun zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, kamfanin NDPHC ya gina ta, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta cikin watan Fabrairu na 2022, a zamanin Gwamna Abdullahi Sule. Tana da manyan taransifomomi biyu masu ƙarfin MVA 150 kowace, da wasu biyu masu MVA 60 kowace, kuma an gina ta ne domin Lafiya da kewayenta.

Tun daga ranar, wannan yanki ya shiga cikin babbar sarƙar lantarki ta ƙasa kai tsaye. Alherin haka a fili ya ke. Amma fa wanda ya shiga babban gida ya gaji rigimar babban gida, kuma rigimar dogon layi daban ta ke da wadda mutanen Lafiya suka saba da ita. Su sun san wuta mai rauni. Dogon layi kuwa wani lokaci ƙarfi ne ke yi masa yawa.

MOTAR DA BA KAYA

Mu ɗauki misali da abin da mutumin Agyaragu ke gani kullum. Babbar mota in an cika ta da doya ta kan zauna daram a kan titi, ta riƙa hawan tudu da ƙyar tana nishi. In ta sauke kaya ta juyo wayam, sai ta riƙa tsalle tana fizgar direba, ƙaramin rami ma sai ya nemi jefar da ita. Haka dogon layin lantarki ya ke. Da magariba, sa'ad da kowa ya kunna abin da ya ke da shi, kaya na yi wa layi yawa, matsin wuta ya faɗi. Da tsakar dare, ko kuwa sa'ad da hadari ya taso aka kashe layukan unguwanni, sai babban layi ya zauna ba kaya, matsin wutar da ke ƙarshensa ya haura wanda aka zuba masa a farko.

Wannan magana ta yi kama da almara, a ce ruwa ya fi ƙarfi a ƙarshen bututu fiye da bakin famfo, amma tabbatacciya ce. Wani injiniya haifaffen Libaful ta Ingila, Sebastian de Ferranti, shi aka fara lura da abin a aikinsa cikin ƙarshen shekarun 1880, sa'ad da a ke shimfiɗa wayoyi masu bolt 10,000 domin birnin Landan, har yau kuma da sunansa a ke kiran wannan hali.

Dalilin shi ne, wayar da ke rataye a sama da ƙasar da ke ƙarƙashinta, da iskar da ke tsakaninsu, sun zama kamar wata doguwar randa mai ɗaukar wuta. Wutar da mu ke amfani da ita tana kai da komowa sau 50 a cikin daƙiƙa guda, saboda haka randar nan kullum cikin cika da zubarwa ta ke. Wannan ke haifar da wata irin wuta da ba ta niƙa hatsi, ba ta dafa ruwa, sai zirga-zirga kawai a cikin waya. Mu kira ta wuta mai kai da komowa. Da ma'aunin MVAR a ke auna ta, kamar yadda a ke auna wuta mai aiki da megawat. Layi mai bolt 330,000 irin namu ya kan haifar da wajen MVAR 40 a kowace kilomita 100. Da rana injuna da taransifomomi suna shanye ta, don da ita su ke yin maganaɗisun da ke juya su. In suka yi shiru, sai ta rasa mai sha, ta taru ta kumbura matsin layi. A lissafi, layin da ba kaya mai tsawon kilomita 300 matsinsa kan ƙaru da wajen kashi 5 cikin 100 a ƙarshensa, mai kilomita 500 kuwa da wajen kashi 15. Dokar sarƙar lantarki ta Nijeriya ba ta yarda matsin wannan layi ya wuce bolt 346,500 ba. Tsakanin Makurɗi da Jos kaɗai ya haura kilomita 200, saboda haka mai karatu ya ga ba wani fili mai yawa aka bari ba.

ABIN DA RIYAKTA KE YI

Duk wanda ya taɓa gyara doguwar fitila ta da, ya san wani ƙarfe mai nauyi a cikinta da masu gyara ke kira cok. Waya ce aka nannaɗe a jikin ƙarfe. To, wannan ƙanen riyakta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Babbar riyakta ta tasha wayar tagulla ce aka nannaɗe a jikin ƙarfe, aka naɗe ta da takarda ta musamman, aka tsoma cikin tankin mai. Daga waje ba ka bambanta ta da taransifoma sai in ka lura cewa ita wuta na shiga cikinta amma ba wayar da ke fita da ita zuwa wani gari. Ta kan shanye wutar nan mai kai da komowa, ta zama wa layi kamar duwatsun da a ke zuba wa motar da ba kaya don ta zauna a kan titi. Wadda aka fi gani a manyan tashoshinmu ita ce mai MVAR 75, watau wadda za ta iya shanye abin da layi mai tsawon kusan kilomita 200 ke haifarwa.

Iri biyu ne manya. Akwai wadda a ke haɗawa a gefen layi, tsakanin waya da ƙasa, ita ce mai danne matsi, ita ce kuma mu ke magana a kanta. Akwai wadda a ke sakawa a cikin layin kansa, wuta ta bi ta cikinta ta wuce, aikinta shi ne in wayoyi suka haɗu ta rage ƙarfin wutar da za ta kwararo don kada ta fi ƙarfin na'urar yankewa.

A nan akwai abin da ya kamata shugabannin al'umma su riƙe, don kada su je ofis su roƙi abin da ba shi ne maganinsu ba. Riyakta ba ta maganin raunin wuta. In ƙwai na yin ja a Agyaragu da magariba, abin dubawa shi ne taransifomar da aka yi wa lodi fiye da kima, ko siririyar waya, ko layin da ya yi tsawo, kuma abin da ke ɗaga matsi shi ne kafasita, babbar yayar wadda ke cikin fanka. Ita kafasita ƙara wutar nan mai kai da komowa ta ke yi, riyakta kuwa ragewa. Ma'aikatan da ke lura da sarƙar ƙasa daga cibiyarsu ta Oshogbo su ke ba da umurni a saka wannan a cire waccan gwargwadon yadda kaya ke hawa da sauka, dare da rana.

YADDA A KE GIRKA TA

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Yawancin riyaktocin da suka mutu kafin lokacinsu, ciwon ya samo asali ne daga ranar da aka girka su, saboda haka ya dace mu ɗan tsaya a nan.

Aikin na farawa ne daga ƙasa. A kan zuba dandamalin kankare da zai ɗauki nauyin tan masu yawa, a haƙa rami a ƙarƙashi a cika da tsakuwa, don in mai ya zuba ya sami wurin taruwa kada ya malala ya kama da wuta. In tana kusa da taransifoma sai a gina katanga tsakaninsu, saboda gobarar ɗaya kada ta ci ɗaya. A ƙarƙashin tashar duka kuwa akwai ragar tagulla da aka binne, kuma tankin riyakta da duk wani ƙarfe da ke tsaye dole a ɗaure shi da wannan raga, don ita ce ke tsare ran ma'aikaci.

Ita na'urar daga ƙasashen waje ta ke zuwa, ta jirgin ruwa sannan ta mota. Galibi a kan zuƙe manta a cika tankin da busasshiyar iska, a liƙa mata wani ɗan agogo mai rubuta duk wata jijjiga da ta sha a hanya. Injiniyan kirki ba ya sa hannu a takardar karɓa sai ya karanta wannan agogo, gama ramin titi guda na iya gusar da naɗin da ke ciki ba tare da an ga ko ƙwarzane a waje ba.

Babban abokin gābarta shi ne laima. Takardar da aka naɗe wayar da ita tana shan danshi kamar auduga, kuma takarda mai danshi ba ta tare wuta. Don haka ba a buɗe tanki ranar hadari, ba a kuma buɗe shi cikin ƙurar hunturu. Bayan an ɗaura dogayen tankunan nan masu kama da ƙaho da wuta ke shiga ta cikinsu, da fukafukan sanyaya mai, sai a zuƙe iskar ciki ƙaf na tsawon sa'o'i masu yawa, sannan a tace mai da zafi a zuba a hankali, a bar shi ya kwanta. A ɗebi man a gwada a ga yawan matsin da zai jure kafin wuta ta keta shi. Ɗan kwangilar da ya gajarta wannan mataki don ya cika ranar bikin buɗewa ya rage wa na'urar shekaru, kuma ba wanda zai sani sai bayan an biya shi ya tafi.

Sai haɗin wayoyi. Babban layi wayoyi uku ne, riyakta ma naɗi uku gare ta. Kan kowane naɗi na haɗuwa da waya guda, gindin ukun kuma a tara su wuri ɗaya a kai ƙasa. A kan haɗa ta ko dai a ƙarshen layi, ta zauna tare da shi duk sa'ad da ya ke da wuta, ko kuwa a jikin babbar mahaɗar tasha da na'urar yankewa tata ta kanta, yadda za a iya saka ta a cire ta. Kowace hanya da amfaninta. Ta ƙarshen layi na nan a daidai lokacin da aka fi bukatarta, watau sa'ad da a ke mai da wuta kan layin da ba kaya bayan an yi duhu. Ta mahaɗa kuwa ana iya janye ta da magariba don kada ta ƙara danne wutar da dama ta raunana.

Wani abin mamaki shi ne, kashe riyakta ya fi kunna ta haɗari. Wutar da ke bi ta cikin mai MVAR 75 wajen amfiya 130 ce, kaɗan ce a wurin layi irin wannan, amma naɗaɗɗiyar waya ba ta son a katse ta farat ɗaya. In aka yi haka sai ta mai da martani da matsi mai tsanani. Saboda haka a kan kafa na'urar kare tsawa dab da bakinta, a kuma sa wa na'urar yankewa wata ƙwaƙwalwa mai zaɓen daidai lokacin da ya dace ta buɗe.

Daga nan sai ƙananan wayoyi masu zuwa ɗakin lura, waɗanda ido ke rainawa alhali su ne jijiyoyin aikin. Akwai masu auna wutar da ta shiga da wadda ta fita, in suka ga bambanci su yanke nan take. Akwai na'urar Buchholz, wadda wani Bajamushe mai wannan suna ya ƙago a 1921, mai jin iskar da mai ke fitarwa in wani abu na ƙonewa a ciki. Akwai ma'aunin zafi. In aka juya kan waya guda a cikin waɗannan, ko dai na'urar ta riƙa yanke kanta ba dalili, ko kuwa ranar da dalilin ya zo ta yi shiru. Dukansu kuma da batiran tasha su ke aiki, in batir ya mutu mai gadi ya yi barci ke nan. Shi ya sa a ke gwada kowace waya ɗaya bayan ɗaya kafin a saki wuta.

Bayan an girka kuma aiki bai ƙare ba. Taransifoma na samun hutu in kaya ya ragu, amma riyakta muddin tana kan layi to da cikakken ƙarfinta ta ke aiki, ga zafi ga jijjiga, don an bar 'yan gibi a cikin ƙarfenta da gangan. Jijjiga na kwance noti, mai ya fara ɗiga. Sai an riƙa duba ta, ana sauya tsakuwar nan mai shanye danshi in ta sauya launi, ana kai manta ɗakin gwaji lokaci lokaci, gama mai ya kan faɗi ciwon da ke ciki tun kafin ya bayyana, kamar yadda jini ke yi wa likita.

DARASIN JEBBA

Wanda ke ganin duk wannan surutun injiniyoyi ne, ya tuna da watan Oktoba na 2024. Ran 14 ga watan sarƙar lantarki ta ƙasa ta faɗi, ran 19 kuma wata na'urar awo ta fashe a tashar Jebba aka sake shiga duhu. Kwamitin binciken da aka kafa a ƙarƙashin Injiniya Nafisatu Asabe Ali ya miƙa rahotonsa ga Ministan Lantarki na lokacin, Adebayo Adelabu, cikin watan Nuwamba. Abin da kwamitin ya bayyana shi ne, Jebba wuri ne da matsin wuta ke yawan hawa, riyakta biyu ke riƙe da ita, ɗaya kuwa ta lalace. Matsi ya haura har wajen bolt 400,000, na'urorin kare tsawa suka tarwatse a Jebba da Oshogbo, manyan layuka suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Don mai karatu ya gane girman abin, kamar a ce wutar ɗakinsa ta tashi daga bolt 230 ta doshi 280. Kwamitin ya kuma ambaci tsufan kayan aiki, ga shi kuwa tashar Jebba tun zamanin madatsar Kainji ta ke, watau ƙarshen shekarun 1960.

Kwana biyu bayan fashewar Jebba, ran 21 ga watan, layin Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi. Da ma 'yan ta'adda sun riga sun lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, saboda haka wannan layi da ke ratsa Nasarawa shi kaɗai ya rage wa yawancin jihohin Arewa, tashar Lafiya kuwa a kan wannan jijiya ta ke. Aka yi kwana tara ana duhu kafin a maido da shi ran 30 ga wata. Masu shinkafa a Kano, da masu ƙanƙara, da asibitoci, kowa ya ɗanɗana. A cikin waɗannan kwanaki ne jami'an kamfanin TCN suka bayyana cewa ko da ya ke layin na iya ɗaukar megawat 750, abin da za a iya turawa lami lafiya zuwa Kano da Kaduna bai wuce 350 ba, saboda matsin wuta ba ya tsayawa daidai a can ƙarshen. Watau cikin wata guda ƙasar nan ta ga fuska biyu na ciwo ɗaya: a Jebba matsi ya yi yawa, a Kano ya kasa. Waya na nan, injunan ba da wuta na nan, abin da ya gaza shi ne kayan daidaita matsi.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mu mutane ne masu son abin da a ke yanka ƙyalle a buɗe. Sabuwar tasha na da ranar biki, da makaɗa, da allo mai sunan wanda ya buɗe. Gyaran riyaktar da ta tsaya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, don haka ya kan jira har sai ta jawo abin da ya fi kuɗinta nesa ba kusa ba. Tun daga ECN zuwa NEPA a 1972, zuwa PHCN a 2005, zuwa sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013, suna ya sauya sau da yawa, amma wannan hali ya bi mu.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na farko, ga kamfanin TCN mai kula da manyan layuka, da hukumar NISO wadda ta karɓi aikin sarrafa sarƙar ƙasa a 2025. Ya kamata jama'a su riƙa jin yawan riyaktocin da ke manyan tashoshi, da nawa ke aiki, da ranar da za a gyara waɗanda suka tsaya. Ba kaya ba ne da a ke shiga kasuwa a saya yau a ɗaura gobe, sai an ba da oda an jira watanni, saboda haka ajiye ta ko-ta-kwana wajibi ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na biyu, ga Gwamnatin Jihar Nasarawa da kamfanin AEDC mai rarraba wuta a jihar. Mun ga cewa layin da ba kaya shi ya fi fitina. Ashe ke nan duk injin niƙa ko na sarrafa rogo da aka ɗora a kan layi a Agyaragu ko Doma ko Obi, ban da abincin da ya samar, yana taimaka wa babban layi ya zauna daidai. Tashar Akurba ba za ta cika amfaninta ba sai ƙananan layuka masu ƙwari sun kai wutar inda a ke bukatarta, waɗanda ba sa faɗuwa da iskar farkon damina.

Na uku, ga makarantunmu. Lafiya na da Jami'ar Tarayya da Kwalejin Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, ƙasa kuma na da cibiyar horon ma'aikatan lantarki ta NAPTIN. Ga babbar tasha a bakin ƙofa. Abin kunya ne a ce duk ranar da za a gwada mai ko a daidaita na'urar kariya sai an jira wani daga nesa. Yaron da ya iya naɗa injin fanka a kasuwa, in ya sami malami da littafi, ya riga ya kama hanyar gane riyakta.

Na huɗu, ga mu talakawa. Ƙa'ida ta ware fili mai faɗin mita 50 a ƙarƙashin layi mai bolt 330,000, watau 25 kowane gefe, ba gini ba dogon itace. Ƙona daji a ƙarƙashinsa da rani na sa wuta ta yi tsalle ta cikin hayaƙi layi ya faɗi, kuma duk faɗuwar layi girgiza ce ga sarƙar ƙasa baki ɗaya. Wanda ya ga ana kwance ƙarfen turke ya yi shiru, ya sani cewa har da firjin ɗakin haihuwa na garinsu a ke kwancewa. Masu unguwanni da dagatai da limamai da fastoci suna da abin faɗa a nan.

Mai injin niƙa a Agyaragu ba ya bukatar ya san lissafin Ferranti. Abin da ya ke da hakkin sani shi ne, wutar da ya ke biya tana dogara ne da wasu na'urori marasa suna a Jebba da Jos da Makurɗi da Oshogbo, kuma yana da ikon ya tambayi wakilinsa a majalisa ko nawa aka ware domin kula da su a kasafin bana. In masu tambaya suka yi yawa, masu amsa za su shirya.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya kare ma'aikatan da ke kwana a tashoshi domin mu kwana da haske. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.